Hotunanki da Layin Shagon Bukar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ki inda aka tura ki lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke cikin mutuncinki.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya. Ke 'yar fari ce, kin kuma san yadda bakina yake nauyi idan na zauna da ke. Jiya na gwada, da kika kawo mini ruwa ƙofar gida, amma da na buɗe baki sai na ji ina tambayarki ko an ba awaki dusa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ki karanta kafin ranar tafiyarki bautar ƙasa. Labarin wata damina ne, kina jaririya, da kokawar da na yi da wata na'ura a shagon Babanku Bukar. Kin sha jin gutsure-gutsurensa a bakin Innarki, yawanci wuraren da ake yi mini dariya. Ina so ki ji shi a jere, tare da kurakuran da na tafka a ciki, don za su fi yi miki amfani a kan abin da na yi daidai.

Kin san an haife ki da tsaga a leɓenki na sama. Abin da ba a cika gaya miki ba shi ne tsagar ta wuce leɓe, ta shiga rufin bakinki. Ba kya iya kama nono. Innarki takan tatsa a kofi ta ba ki da ƙaramin cokali, rabi ya shiga, rabi ya dawo ta hanci, ki shaƙe ki yi ta tari. Yaran da aka haifa lokaci ɗaya da ke suna ta cika, ke kuwa kina nan kamar ba a ba ki komai. Duk ranar awo, Innarki takan dawo daga asibiti ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Wata ranar awon ce malamar asibitin, wata dattijuwa mai haƙuri, ta aiko a kira ni. Ta ce akwai ayarin likitoci masu ɗinke irin wannan tsaga da za su zo wani asibiti a birni bayan damina, kuma kyauta suke yi. Sai dai ba a zuwa haka kawai a shiga layi. Sai an aika musu da hotunan yaro da bayanin lafiyarsa ta imel tun suna ƙasarsu, su duba su zaɓi waɗanda za su iya yi wa aiki, ga shi kuma sun kusa rufe karɓa. Ta ba ni adireshin, ta ce, "Malam Garba, kai malamin makaranta ne, ka san hanyar waɗannan abubuwa. Kada ka yi sanyin jiki."

A lokacin, wurin da na sani a Dawakin Tofa mai kwamfuta da layin tarho, wanda kowa zai iya shiga, shi ne shagon Bukar. Kakanninsa daga Barno suka zo suka zauna tun kafin a haife mu. Mahaifinsa fataucin hatsi yake yi, shi ya sa aka ja masa layi gida tun da daɗewa. Bayan rasuwarsa Bukar ya mayar da shagon ƙofar gidan wurin buga takardu, ya sayi tsohuwar kwamfuta ya ajiye.

Ke da kika tashi da intanet a tafin hannu, sai na yi miki bayani. Akwai wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu a gaba, ana ce masa modem. Waya ɗaya ta tafi kwamfuta, ɗaya ta tafi layin tarho. In ana son shiga intanet, sai ya buga lambar kamfanin da ke birni kamar yadda mutum yake buga waya, can wani akwatin ya ɗauka, su yi ta kuka da tsuwa suna daidaita yadda za su ji juna. In suka yi shiru, to an haɗu. Shafi ɗaya yakan ɗauki lokacin da za ki yi alwala ki dawo kafin ya gama buɗewa.

Za ki ce me ya hana ni shiga birni, tunda ba nisa. Na je. Na tarar da shagon intanet cike da ɗalibai, na jira har la'asar, layina na zuwa aka ɗauke wuta, injinsu kuma ya ƙi tashi. Ban da haka, malamar asibiti ta ce likitocin za su riƙa aiko da tambayoyi ana amsawa, ba aike ɗaya ba ne. Ga aji yana jirana, ga maimai ya taso a gona. Na ga dai shagon Bukar ne mafita. Na kuma taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na hutun makaranta, har da takardar shaida, wannan takarda kuwa ta sa ina ganin kaina gwani.

Muka kai ki wajen mai hoto na bakin kasuwa, Bukar ya kwafe hotunan zuwa cikin kwamfuta. Na zauna a kujerarsa na buɗe wajen saitin modem. A jikin kwalinsa an rubuta hamsin da shida, wato iyakar gudun da yake iyawa. Sai na ga an bar shi ƙasa da haka sosai.

Na ce, "Bukar, abin nan yana iya gudu, kai ka ɗaure masa ƙafa."

Ya ce, "Haka wanda ya haɗa mini ya bar shi, ni kuma ban taɓa ba."

Na kai gudun ƙarshe. Ya buga, ya yi kukansa, ya haɗu, babbar lamba ta fito a ƙasan allo, na kalli Bukar ina murmushi. Na danna aikawa. Wani ɗan layi shuɗi ya fara tafiya a hankali, ya ɗan yi nisa, sai fitilun suka mutu. Duk sanda ya yanke kuwa, daga farko ake komawa. Haka na yi ta yi har aka kira magariba, ko hoto ɗaya bai tafi ba.

Abin da ban gane ba shi ne layinmu tsoho ne, ya biyo turaku daga nesa, ta cikin gonaki da rassan darbejiya, ga kuma damina. In aka tilasta wa modem gudu a kan irin wannan layi, kuskure yake yawa, ya yi ta maimaita abin da ya aika har ya gaji ya yanke. Wanda ya saita wa Bukar ya san layin. Ni kwalin kawai na karanta.

Ummi, inda za ki je za ki tarar da abubuwa a wani hali da zai yi miki kama da sakaci ko jahilci. Wani lokacin sakacin ne. Amma kafin ki sa hannu, ki nemi wanda ya bar shi haka ki tambaye shi dalili. Kuma in aka ba ki aiki, ki ɗauki gudun da za ki iya riƙewa har ƙarshe. Na ga malamai sababbin zuwa da yawa da suka cika makaranta da alkawari a zangon farko, kafin shekara ta ƙare ba a ganin su a aji.

Washegari, maimakon in mayar da gudun inda na same shi, sai na shiga sauran saitin. Akwai wani gurbi da ake rubuta wa modem umarni da haruffa da lambobi. Wasu na tuno su daga kwas, wasu hasashe na yi. Na canza wannan, na kashe wancan, na sauya ƙofar da yake shiga kwamfuta, duk a zama ɗaya, ban kuma lura da yadda na tarar da ko ɗaya ba. Da na danna, ko kukan ma bai yi ba. Kwamfuta ta ce ita ba ta ga wani modem ba.

Ranar kuwa ranar kasuwa ce. Akwai wani dattijo daga wajen Bagwai da ɗansa ke karatu a ƙasar waje. Duk ranar kasuwa yakan zo Bukar ya buga masa saƙon ɗan a takarda, ya tafi da shi gida a karanta wa uwar yaron. Ya shigo ya yi sallama ya zauna a benci, ya cire hularsa yana fifita da ita. Bukar ya ba shi haƙuri ya ce na'ura ta sami matsala. Dattijon ya ce ba komai, Allah Ya kai mu wani makon, ya tashi a hankali ya fita. Ban iya ɗaga kai na kalle shi ba.

Bayan ya tafi Bukar ya ce, "Malam, na san abin da ke cin ka. Amma da ka gaya mini za ka taɓa, da na ce ka bari dattijon nan ya zo ya tafi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya ɗauki tarho ya kira kamfanin, aka haɗa mu da wani Injiniya Tijjani, wanda dama shi ya haɗa masa kayan tun farko. Ta waya ya yi ta gaya mini inda zan danna, ya ba ni umarnin da ke mayar da modem yadda ya fito daga masana'anta, ya sa na rage gudun. Modem ya dawo yana kukansa. Saƙon ɗan dattijon yana nan yana jira, muka buga shi, na ari babur na kai masa har gida da yamma.

Daga ranar na koyi abu biyu da har yanzu nake aiki da su, ko injin ban ruwa nake gyarawa. Ki canza abu ɗaya, ki gwada, ki ga abin da ya yi, sannan ki taɓa na gaba, kuma ki san hanyar komawa inda kika faro. Na biyun ya fi girma. Kayan mutane da aka ba ki amana, akwai waɗanda suka dogara da su da ba ki gani. Damuwarki, komai girmanta, ba ta ba ki izinin yin yadda kika ga dama da su ba.

Ƙananan saƙonni suka koma tafiya, amma hotunanki suka ƙi. Lokaci yana ƙurewa, ke kuma a makon nan mura ta kama ki, ko cokalin ma da ƙyar kike karɓa. Wata safiya da layin ya sake yankewa, na ɗauki tarho na kira Injiniya Tijjani na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce su mayaudara ne, layinsu na banza ne, ba su damu da mutanen ƙauye ba. Da na gama ya ce, "Malam, mene ne kake son aikawa haka?" Na gaya masa. Ya ce zai zo ranar Asabar.

Ya zo a kan babur, wandonsa duk taɓo, ranar da ba ranar aikinsa ba. Bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ɗaga kan tarho, ya danna lamba ɗaya don ƙarar layi ta ɗauke, ya miƙo mini ya ce, "Saurara."

Na kara a kunne. Sai ka ce ana suyar gyaɗa a ciki.

Ya ce, "Lafiyayyen layi shiru yake yi. Abin da kake ji, shi modem yake ji."

Ya bi wayar da hannu daga bayan tebur, ta taga, har waje. A daidai ƙarƙashin indararo ya tsaya. Akwai haɗi a wurin, an naɗe shi da leda. Ya kwance, ruwa ya zubo, tagullar ciki ta koma koriya.

Ya ce, "Wa ya yi wannan haɗin?"

Ni ne. Tun da rani, da muka matsar da teburin Bukar kusa da taga saboda zafi, wayar ta gaza, na ƙara ta da guntun wayar rediyo na ɗaure da leda. Ragowar ma na naɗe ta na rataye a jikin wayar lantarki. Na ma manta na yi.

Ya yanke wurin, ya sa sabuwar waya gajeriya wadda ta tafi kai tsaye ba ta raɓi ta lantarki ba. Sannan ya zauna ya nuna mini saitin ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara rage gudun. Ya kunna abin da ke sa modem ya gyara kuskure da kansa. Ya ƙara masa haƙuri, wato in layi ya ɗan ɗauke kada ya yi saurin yankewa, ya jira ko zai dawo. Ya kuma nuna mini cewa an kwafe hotunan da girman da ya wuce kima, ya rage su, ya ce in riƙa aika su ɗai-ɗai, in ɗaya ya faɗi ba zai tafi da sauran ba.

Da zai tafi na raka shi bakin babur na ce ya yafe mini maganganun da na gaya masa. Ya ce, "Da 'yata ce, da na fi ka faɗa. Allah Ya ba ta lafiya." Ko ruwa da ƙyar ya tsaya ya sha.

'Yata, in abu ya lalace tsakaninki da wani, ki fara bin wayar daga naki ɓangaren kafin ki ɗaga murya. In kuma kin riga kin ɗaga sai ta bayyana ke ce, ki ba da haƙuri a wurin, a gaban waɗanda suka ji faɗan. Kada ki bari sai kin koma gida kin tsara kalmomi.

Layi ya yi shiru, gudu ya daidaita, amma duk da haka wani lokacin sai ya yanke haka kawai, ba ruwa ba iska. Wani sa'in tun yana buga lamba, wani sa'in ana tsakiyar aiki. A nan ne na kusa karaya.

Duk tsawon kwanakin nan, in na koma gida Innarki ta tambaye ni, sai in ce, "An kusa." A ganina ina rage mata nauyi ne, tunda ita ke fama da ke dare da rana. Wata safiya ina shirin fita ta goya ki, ta yafa mayafi ta ce, "Malam, yau da ni za a je. Wannan an kusa ɗin naka ina so in gan shi da idona."

Da muka isa ta shige cikin gida wajen Hajiya Falmata, mahaifiyar Bukar, ni na zauna a shago. Na buga, ya yanke. Na sake, ya haɗu, ya ɗan yi tafiya, ya yanke. Ina zaune na riƙe kai sai ga Innarki a ƙofar da ke tsakanin shago da gida.

Ta ce, "Malam, yanzu ka buga abin naka?"

Na ce e.

Ta ce, "Ya kuma yanke?"

Na ce ya yanke.

Ta ce, "To sake bugawa, amma Bukar ya zo ya tsaya a nan ya gani."

Ashe akwai wani kan tarho a ɗakin Hajiya, a kan layi ɗaya da na shago, tun zamanin marigayi. Bukar ya san da shi, bai dai taɓa kawo shi a ransa ba. Modem ɗin namu kuma yana buga lamba irin ta da, ƙas-ƙas-ƙas, kamar tarhon da ake juyawa da yatsa. Duk sanda ya buga, sai na ɗakin Hajiya ya ɗan yi ƙararrawa. Ita kuwa a lokacin 'yarta da ke aure a Maiduguri tana da tsohon ciki, kullum kunnenta yana kan waya. Da ta ji ƙararrawa sai ta ɗauka ta yi sallama, ta ji tsuwa, ta nemi tsari ta ajiye. Can an jima ta sake ɗagawa ta ji ko abin ya tafi. Duk ɗagawa ɗaya, aikinmu ya rushe.

Muka shiga muka durƙusa muka gaishe ta. Bukar ya yi mata bayani. Ta tafa hannu ta ce, "Ni da nake ta tofa wa wayar nan addu'a, ashe ku ne a ciki. Me ya hana ku gaya mini?"

Ta sa aka miƙo mata ke, ta buɗe zanen ta daɗe tana kallon bakinki. Sannan ta ce daga asuba zuwa hantsi layi namu ne, daga nan kuma a bar mata shi saboda ita ma tana da mai jiran haihuwa. Ta ɗauko faifai ta kife a kan tarhon, ta ɗora ki a cinya, ta ce duk wanda ya taɓa shi a gidan nan da ita yake. Na kira Injiniya Tijjani, ya ce in mayar da bugun lamba zuwa irin na sauti, layinmu yana karɓa. Na mayar, ƙararrawar ɗakin Hajiya ta daina.

A safiyar nan hotunanki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, Innarki tana tsaye a bayana tana kallon ɗan layin shuɗi har ya cika.

A hanyar komawa gida ta ce, "Da ka gaya mini gaskiya tun farko, da tuni na zo. Ni ma fa 'yata ce."

Wannan ita ce shawarar da na fi so ki riƙe. In kina cikin matsala, ki gaya wa wanda abin ya shafa halin da ake ciki, ko da babu daɗin ji. Ni da Bukar da injiniya duk shago muke kallo, ita kuwa ta zauna inda ba ma shiga. In kin je can abu ya dame ki, kada ki kira mu ki ce lafiya lau alhali ba haka ba ne. Na san wannan halin, a wajena kika gado shi.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma ba laifin na'ura a ciki ko kaɗan. Amsar likitocin ta zo da ladabi. Sun ce sun ga kyakkyawar yarinya, amma ba su ga abin da za su ɗinke ba. Ranar da muka je wajen mai hoto, ni na sa aka yi miki kwalliya, aka sa miki hula mai fure, na ce a ɗauke ki ta gefen da tsagar ba ta cika fitowa ba. Ban so baƙi a wata ƙasa su fara ganin 'yata ta wajen rauninta ba. Su kuwa raunin suke nema.

Muka koma wajen mai hoto. Innarki ta wanke hannu, ta kwantar da ke a cinyarta a bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe bakinki da yatsunta kina tsala kuka, ta ce masa, "Matso sosai. Ɗauki har ciki." Ni na juya baya ina kallon titi. Waɗannan hotunan ba su ba mu wahala ba ko kaɗan, zama ɗaya suka tafi, don lokacin komai ya daidaita. Tambayoyinsu suka riƙa zuwa, nauyinki, numfashinki, abin da kike ci, muna amsawa da safe kafin in wuce makaranta, Hajiya tana gadin tarhonta. Kafin a fara yankan gero sunanki ya fito.

In kin je neman taimako, wajen likita ne ko malami ko shugabanki a wurin aiki, ki nuna wurin da ke ciwo yadda yake. Kunya tana da wurarenta, kin kuma san ina son ki da ita, amma wannan ba ya cikinsu.

An yi miki aikin leɓe bayan kaka, na rufin baki kuma da suka sake dawowa. Ranar da aka ce a gwada ba ki kunu bayan aiki na biyu, Innarki ta ɗebo cokali ɗaya ta ba ki, ta sa tsumma a ƙarƙashin hancinki kamar yadda ta saba. Kika haɗiye. Ta duba tsumman, a bushe. Ta ƙara wani, haka. Sai ta miƙo mini kofin ta ce in ci gaba.

Ragowar shawarwarin kin san su, ba sai na tsawaita ba. Ki tsare sallarki a kan lokaci ko da ke kaɗai ce mai yi a wurin. Ki gaida maƙwabtanki ko ba ku jin yaren juna. Kada ki hau motar da direbanta ya ba ki tsoro don kawai kina sauri.

Abu ɗaya nake roƙonki kafin ranar tafiya. Injiniya Tijjani ya rasu shekarun baya, ki sa shi a addu'a da sunansa. Hajiya Falmata kuwa tana nan, idonta ya yi rauni, ba ta fita ko ƙofar gida. Shekaranjiya da na shiga gaishe ta na gaya mata an tura ki nesa. Ta ce, "To a turo mini ita in shafa bakin nan in ji yadda ya warke, tunda ban iya ganinsa yanzu." Ki je da safe, ki zauna kusa da ita, ki bar ta ta shafa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa duk inda kika sauka a yi farin ciki da zuwanki. Innarki da ƙannenki suna tare da ni a wannan addu'a.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Garba